Kasuwar wata: masu talla da yawa, mai saye guda

A ranar 6 ga Disamba, 2012, wasu mutum biyu da ba a raina su a harkar sararin samaniya suka tara 'yan jarida a birnin Washinton. Ɗaya Gerry Griffin ne, wanda yana cikin daraktocin da suka ja ragamar tafiye-tafiyen Apollo, shirin da ya kai Amurkawa wata, daga ɗakin sarrafawa na Hiyuston. Ɗayan kuma Alan Stern, tsohon shugaban sashen kimiyya na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mutumin da ya jagoranci aikin kumbon da ya je ya leƙo Pluto. Albishir suka zo da shi: sun kafa kamfani mai suna Golden Spike, kuma nan da 2020 za su fara ɗaukar mutum biyu-biyu su sauke su a doron wata, su dawo da su gida lafiya. Kujera ɗaya dala miliyan 750. Masu sayen da suka hango har da ƙasashen da ke marmarin ganin tutarsu a wata amma ba su da halin ƙera roka.

Jaridu suka ɗauka, aka yi ta yayatawa. Bayan 'yan watanni sai kamfanin ya buɗe asusun neman gudummawa a shafin Indiegogo, yana neman dala 240,000. Abin da ya shigo bai kai dala 20,000 ba. Kamfanin da ke lissafi da biliyoyi ya tashi da kuɗin ƙaramar mota. Ba a jima ba aka daina jin ɗuriyarsa, 2020 ta zo ta wuce ko ƙusa ɗaya ba a buga ba.

Sunan da suka zaɓa ma abin dubawa ne. Golden Spike na nufin ƙusar zinariya, wadda aka buga ranar 10 ga Mayu, 1869 a yankin Yuta, ranar da layin dogon da ya taso daga gabashin Amurka ya haɗu da wanda ya taso daga yamma. Amurkawa suna son ba da labarin nan a matsayin aikin 'yan kasuwa masu ƙarfin hali. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gwamnati ce ta ba kamfanonin biyu rancen dala 16,000 zuwa 48,000 a kan kowane mil da suka shimfiɗa, ta kuma yanka musu filaye masu ɗimbin yawa a gefen layin, filayen da ke da masu su tun kaka da kakanni. A 1872 badaƙalar Crédit Mobilier ta fashe, aka gano yadda masu ɗaya daga cikin kamfanonin suka riƙa ba kansu kwangila a farashin da suka ga dama, suna toshe bakin 'yan majalisa da hannun jari. Duk da haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin a ƙarshen layin akwai Kalifoniya da mutanenta da gonakinta da tashoshin jiragen ruwanta. A ƙarshen layin wata fa babu kowa. Babu mai jiran kaya, babu mai aiko da saƙo.

Ba a kan Golden Spike aka fara cinikin biri a sama ba. Daga 1968 zuwa 1971 kamfanin jiragen sama na Pan Am ya rubuta sunayen mutum sama da 90,000 da ke son shiga jirginsa na farko zuwa wata, har da katin shaida ya raba musu. A 1991 kamfanin kansa ya durƙushe. A 2005 Space Adventures ya sa wa zagayen wata farashin dala miliyan 100 kowace kujera. A watan Fabrairun 2017 kamfanin rokoki na SpaceX ya ce zai kai wasu mutum biyu su zagayo wata kafin ƙarshen 2018. A Satumbar 2018 aka gabatar da attajirin Japan Yusaku Maezawa a matsayin wanda ya yi shatar kumbon Starship na SpaceX sukutum don tafiyar 2023. Ya zaɓi abokan tafiya takwas, 'yan fim da mawaƙa da masu ɗaukar hoto, suka yi ta shiri. A watan Yunin 2024 ya soke, ya ce ba zai iya tsara rayuwarsa a kan ranar da ba a sani ba. Dennis Tito, wanda shi ne ya fara sayen tikitin zuwa sararin samaniya da kuɗin aljihunsa a 2001, ya kama kujera biyu shi da matarsa a 2022, yana da shekara 82. Mafi yawan waɗannan ma zagaye kawai aka yi musu alkawari, ba sauka ba.

Ni dai a ganina, abin da ake kira kasuwar zuwa wata har yau bai zama kasuwa ba. Kwangila ce. Masu talla suna da yawa, amma wanda ya taɓa sa hannu a aljihu ya biya kuɗin sauke mutum a doron wata guda ne, wato gwamnatin Amurka, da harajin jama'arta. Tunda kuwa haka ne, sharuɗɗan tafiyar ba abu ba ne da za a bar wa masu kamfani su yanke su kaɗai.

A duba lissafin. A watan Afrilun 2021 NASA ta ba SpaceX na Elon Musk kwangilar dala biliyan 2.89 don ya mayar da Starship kumbon da zai sauke 'yan sama jannatinta a wata a ƙarƙashin shirin Artemis. Blue Origin na Jeff Bezos ya ce bai yarda ba, ya kai ƙara ofishin binciken ayyukan gwamnati, ya faɗi, ya garzaya kotu, ya sake faɗuwa a Nuwambar shekarar. A tsakani Bezos har wasiƙa ya rubuta yana tayin yafe wa NASA dala biliyan biyu in za a ba shi aikin. A Mayun 2023 aka share masa hawaye da tasa kwangilar ta dala biliyan 3.4. Rigar da za a taka wata da ita kuma an ba Axiom Space, a kan dala miliyan 228.5. Mutum biyu da ke sahun gaba a masu kuɗin duniya sun yi shari'a a kan kwangilar gwamnati. Da akwai wasu masu saye a layi, da ba a kai ga kotu ba.

Kada a ce na raina abin da kamfanonin nan suka yi. Sun yi abin a zo a gani, kuma sauyin da suka kawo na gaske ne. Ko a zamanin Apollo kamfanoni ne suka ƙera kayan. Grumman ne ya ƙera kumbon da ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a 1969. Sai dai a wancan tsarin gwamnati ke biyan duk abin da ɗan kwangila ya kashe, ta ɗora masa riba a kai, kayan kuma ya zama nata. Ɗan kwangilar da ya san jinkiri ba zai taɓa aljihunsa ba, me zai sa ya yi sauri? Rokar SLS ta NASA a irin wannan tsarin aka ƙera ta, kuma babban mai binciken hukumar da kansa ya ƙiyasta cewa kowane harbi guda, haɗe da kumbon Orion da kayan ƙasa, zai laƙume dala biliyan 4.1. Sabon tsarin kuwa farashi a yanke yake: ga aikin, ga kuɗin, in ka wuce haka ka cike da naka, kayan kuma naka ne, ka yi haya da shi ga wanda ka so. Da wannan tsarin Amurka ta fita daga kunyar shekara tara da ta yi tana sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, har farashin ya kai wajen dala miliyan 90. A ranar 30 ga Mayu, 2020 kumbon Dragon na SpaceX ya ɗauki Doug Hurley da Bob Behnken zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Boeing, da aka ba kwangila mafi tsoka a kan aiki iri ɗaya, ya tafka asarar kusan dala biliyan biyu, kuma shi ya ɗauki asararsa. Wanda ya ga yadda hasumiya ta cafke ƙasan rokar Starship da hannuwan ƙarfe a watan Oktoban 2024 ba zai ce mutanen nan romon baka kawai suka iya ba.

To amma tashar nan kilomita 400 take daga ƙasa. Wata kuwa kilomita 384,400. A kusa da duniya akwai ciniki na haƙiƙa: tauraron ɗan adam na sadarwa, na hasashen yanayi, na leƙen asiri, ga intanet ɗin Starlink da miliyoyin mutane ke biyan kuɗinsa duk wata. Roka ta tashi ta dawo, gobe akwai wani kayan da ke jiran ta. Akwai ma attajirai 'yan ƙalilan da suka biya wajen dala miliyan 55 don kwana goma sha a tashar. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa abin da ya yiwu a hawa na farko zai yiwu a hawa na dubu, ƙarin mai kawai ake buƙata.

Man ma shi ne babbar matsalar. Roka kusan duk nauyinta mai ne. Saturn V da ta ɗauki Apollo ta kusa tan 3,000 a lokacin tashi, abin da ya dawo duniya daga cikinta ɗan ɗakin da mutum uku ke takure ne, bai kai tan shida ba. Starship ta fi ta tsayi, ta haura mita 120, amma kafin ta gama hawa falakin duniya tankinta ya kusa ƙafewa. Dabarar da aka tsara ita ce a fara harba wani kumbo ya zama rumbun mai a sama, sannan a yi ta harba wasu ɗaya bayan ɗaya suna juye masa, in ya cika sai kumbon sauka ya zo ya sha ya wuce. Sawu nawa za a yi? Musk ya ce takwas sun isa. Wata jami'ar NASA ta ce a 2023 adadin zai haura goma sha biyar. Man kuma ba mai zama ba ne: iskar oksijin ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, da rana ta taɓa tankin sai ta fara tururi tana gudu. Wato kana zubawa tana tsiyayewa, dole sawun su biyo juna kusa-kusa, kuma ko ɗaya kada ya samu matsalar da za ta sa a dakatar da sauran. A Maris ɗin 2024 SpaceX ya gwada juye mai daga tanki zuwa tanki a cikin kumbo guda, amma har 2025 ta ƙare babu wanda ya taɓa juye irin wannan mai mai yawa haka daga wani kumbo zuwa wani a sararin samaniya. Blue Origin shi kuma haidirojin ya zaɓa, wanda sai an riƙe shi a digiri 253 ƙasa da sifili. Ranar sauka ta Artemis an fara sa ta 2024, ta koma 2025, ta koma 2026, a Disambar 2024 kuma ta koma 2027.

Kafin a yi maganar mutum, a duba yadda aka kwashe da kumbunan da ba kowa a ciki. Google ya sa gasar dala miliyan 20 a 2007 ga duk kamfanin da ya fara sauka a wata; aka rufe gasar a 2018 babu gwani. Beresheet na Isra'ila ya tarwatse a 2019. Na kamfanin ispace na Japan, a Afrilun 2023, labarinsa ya fi tsaya mini a rai. Yana gangarowa lafiya lau, sai ya bi ta saman bakin wani rami mai zurfin gaske. Na'urar auna nisa ta ba da lamba da ta yi tsalle farat ɗaya, kwamfutar kumbon ta ɗauka na'urar ce ta lalace, ta daina sauraron ta. Daga nan ta ci gaba da lissafin kanta, har ta yanke cewa an iso ƙasa alhali saura kilomita biyar. Kumbon ya yi ta saukowa a hankali yana neman ƙasar da ba ta nan, har mai ya ƙare, ya faɗo. A Yunin 2025 na biyunsu ma ya faɗi. Peregrine na Astrobotic ya fara yoyon mai sa'o'i kaɗan bayan tashi a Janairun 2024, bai ko kusanci sauka ba. Odysseus na Intuitive Machines ya isa falakin wata a Fabrairun 2024 kafin a gano cewa wani ɗan maɓallin kariya na na'urar auna nisa, wanda ake kunnawa da hannu tun a ƙasa, ba a kunna shi ba. Ya sauka da gudu fiye da kima, ƙafa ta karye, ya kishingiɗa. Ƙanensa Athena shi ma a kwance ya ƙare a Maris ɗin 2025. Blue Ghost na Firefly ne ya sauka a tsaye cak a ranar 2 ga Maris ɗin 2025, ya yi aikinsa har rana ta faɗi.

Su ma gwamnatoci suna faɗuwa, Luna 25 na Rasha ya tarwatse a Agustan 2023 kwanaki kaɗan kafin Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka. Kuma NASA da gangan ta yarda a yi asarar wasu daga cikin ƙananan kumbunan nan, don sun fi araha. Tsari ne mai ma'ana in kayan awo ka ɗauko. Odysseus dai tsayinsa bai wuce mita huɗu da 'yan kai ba. Starship ɗin da zai sauke mutane ya kai mita 50, sai an sauko da su da lif, kuma a kudancin wata za a tsayar da shi, inda ƙasa take da gangare da duwatsu, inuwa kuma dogaye.

Mutum goma sha biyu suka taɓa taka wata, na ƙarshensu Eugene Cernan da Harrison Schmitt a Disambar 1972. Abin da suka fi kuka da shi ƙura ce. Ba iska ba ruwa da za su goge mata kaifi, don haka kamar garin kwalba take. Ta ci safar hannu, ta toshe mahaɗar riguna, ta bi su har cikin kumbo tana ƙaurin albarushi, Schmitt ya yi ta atishawa idanunsa suka yi ja. Da murfin da ke tare ƙura a kan tayar motarsu ya karye ƙura ta fara yi musu wanka, da taswira da salatif suka ɗaure shi. Kwana uku kacal suka yi. Wata huɗu kafin zuwansu, a Agustan 1972, rana ta yi wani aman wuta da, in da ya tarar da mutum a fili a doron wata, da sai dai wani ikon Allah. Waɗannan horarrun mutane ne da suka shafe shekaru suna shiri, dubban injiniyoyi na bayansu.

Yanzu a kawo fasinja. A Amurka, tun 2004 majalisa ta ɗaure hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta hana ta kafa dokokin kare lafiyar wanda ke cikin kumbon kasuwa, wai a bar masana'antar ta koyi tafiya tukuna. Shekara takwas aka ɗiba da farko. Aka yi ta ƙara wa'adi, yanzu ya kai farkon 2028. Hukumar tana duba kada roka ta faɗo wa mutanen ƙasa, amma na ciki abin da doka ta tanadar masa shi ne a sanar da shi haɗarin a rubuce, a gaya masa gwamnati ba ta tantance kumbon ba, ya sa hannu. 'Yan sama jannatin NASA suna da gata, hukumarsu ce ke bin kumbon ƙusa-ƙusa kafin ta sa mutanenta. Mai tikiti takarda ce gatansa. Masu goyon bayan tsarin suna cewa baligi mai hankali yana da 'yancin sayen haɗari da kuɗinsa, kamar mai hawan dutsen Ebares. Hujja ce mai ƙarfi, na kuma yarda da rabinta. Inda ta gaza shi ne, ranar da abin ya ɓaci ba shi kaɗai ke biya ba. A Yunin 2023 jirgin nutso na Titan, wanda babu hukumar da ta tantance shi, ya murƙushe da mutum biyar a hanyar kallon ɓaraguzan Titanic. Fasinjojin sun sa hannu a irin wannan takarda. Jiragen ruwa da na sama na gwamnatocin Amurka da Kanada ne suka kwana huɗu suna nema, da kuɗin jama'a.

A teku ke nan, inda akwai jirgin da za a tura. A Yunin 2024 Butch Wilmore da Suni Williams suka tafi tashar sararin samaniya a kumbon Starliner na Boeing da niyyar yin kamar mako guda. Injinan kumbon suka ba da matsala, suka zauna har Maris ɗin 2025, kwana 286. Sun tsira ne don akwai tasha mai abinci da iska, akwai kuma wani kumbon da zai kwaso su. A doron wata babu ɗaki na biyu. Yarjejeniyar ceto ta 1968 ta wajabta wa ƙasashe taimakon 'yan sama jannatin da suka shiga uku, amma wajibi ba ya tashi sama. Sai da roka a shirye, da rumbun mai a cike, kuma ko an tashi yau sai an yi aƙalla kwana uku a hanya.

Idan aka matsa wa masu kamfanonin da tambayar me za a sayar, amsa biyu suke bayarwa. Ta farko ƙanƙara. A Oktoban 2009 NASA ta maka ɓangaren roka cikin ramin Cabeus da ke kudancin wata, aka ga ruwa a cikin ƙurar da ta tashi. Ruwa ana sha, ana kuma raba shi ya ba da oksijin da haidirojin, wato iskar shaƙa da man roka. Madalla. Amma wa zai sayi man? Kumbunan da ke zuwa wata. Me suke zuwa yi? Haƙar ƙanƙara. Kamar mai gidan mai ne a tsakiyar dajin da babu motar da ke bi sai tankarsa. Motar VIPER da NASA ta ƙera don ta je ta auna yawan ƙanƙarar da yadda take kwance, an kashe mata kusan dala miliyan 450 sannan aka dakatar da aikin a Yulin 2024 saboda tsada. Amsa ta biyu iskar hiliyom-3, wadda ake cewa za ta zama makamashin tashoshin lantarki masu haɗa ƙwayoyin zarra. Irin tashoshin nan babu ko ɗaya da ke sayar da wuta a duniya. Ko da duk wannan ya tabbata, aikin inji ne. Injin haƙa ba ya shaƙar iska, ba ya buƙatar a dawo da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne fili. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda ƙasashe sama da 110 suka shiga, ta hana kowace ƙasa cewa wata ko wani yankinsa nata ne. An buɗe ta don sa hannu ranar 27 ga Janairu, ranar da wuta ta cinye 'yan sama jannatin Apollo 1 su uku a wurin gwaji. A lokacin tattaunawa Tarayyar Sobiyat ta so a ce gwamnatoci kaɗai za su yi aiki a sama, Amurka ta ƙi, aka tsaya a tsakiya: kamfani na iya zuwa, amma ƙasarsa ce za ta ba shi izini, ta riƙa sa masa ido, ta kuma ɗauki alhakin abin da ya aikata. Yarjejeniyar 1979 da ta ce arzikin wata gadon ɗan adam ne baki ɗaya, ƙasashen da suka amince da ita ba su kai ashirin ba, kuma babu mai manyan rokoki a cikinsu. Sai a 2015 Amurka ta yi dokar cikin gida cewa abin da kamfaninta ya haƙo nasa ne. Luksambag ta bi a 2017, Daular Larabawa da Japan suka biyo baya. Yarjejeniyar Artemis ta 2020, wadda ƙasashe sama da hamsin suka sa wa hannu, ta zo da batun yankin kariya a kewayen duk inda ake aiki.

Yankin kariyar yana da dalili. Lokacin da Apollo 12 ya sauka a 1969, kimanin mita 160 daga tsohon kumbon Surveyor 3, tsakuwar da injinsa ya watsa ta kankare jikin wancan kumbon kamar an goga masa yashi. Wancan ɗan ƙaramin kumbo ne. A ƙiyasta abin da Starship zai tayar. Sai dai wuraren da ke da amfani a kudancin wata ba su da yawa: 'yan tuddai da rana ke daɗewa a kansu, kusa da ramukan da ba ta taɓa leƙawa, inda ƙanƙarar take. NASA ta ware wurare 13 a 2022, ta rage su zuwa tara a 2024, kuma Sin ma can take hari. Wanda ya riga kowa ya kafa kayansa a kan tudu, ya ce kada a matso saboda kariya, bai mallaki filin a takarda ba, amma wa zai tashe shi? In kamfani ne kuwa, riba tasa, rigimar ta ƙasarsa.

Sa idon da yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasashe ma da sauran rina a kaba. Beresheet ya faɗi ɗauke da wasu ƙananan halittu da wata gidauniya ta cusa a cikin kayanta. Peregrine ya ɗauki tokar gawarwakin mutane da iyalansu suka biya a kai wata. Shugaban al'ummar Nabaho, 'yan asalin Amurka waɗanda wata ke da tsarki a wurinsu, ya roƙi a dakata, NASA ta ce kayan kamfani ne, ba ta da hurumi. Yoyon mai ne ya raba gardamar.

Ga kuma tsere. Sin ta ce za ta sauke mutanenta kafin 2030, kuma ba ta cika saɓa rana ba: ta sauka a bayan wata a 2019, ta kwaso ƙasa a 2020, ta sake kwasowa daga bayan a 2024. Wannan ya sa a Oktoban 2025 muƙaddashin shugaban NASA na lokacin, Sean Duffy, ya ce SpaceX ya makara, za a sake buɗe ƙofa ga wasu. Gwamnati na sauri don kada a riga ta, kamfani na sauri don kuɗinsa na fitowa ne kashi-kashi gwargwadon matakin da ya cimma. Binciken da aka yi bayan hatsarin kumbunan NASA na Challenger a 1986 da Columbia a 2003, inda mutum bakwai-bakwai suka mutu, duka ya ambaci matsin cika rana a cikin dalilan da suka sa aka yi biris da gargaɗin injiniyoyi.

Ba cewa nake a hana kamfanoni zuwa ba. Cewa nake mai biya ya gindaya sharaɗi tun kuɗin na hannunsa. Kwangilar NASA ta tanadi saukar gwaji guda ba mutum a ciki. Kafin a sayar wa farar hula kujera ya kamata a ga kumbon ya sauka ya kuma taso sau da yawa, a buga sakamakon kowa ya gani. Apollo da ake ce wa ya yi gaggawa, sai da aka gwada kumbon saukarsa ba kowa, aka gwada da mutane a falakin duniya, Apollo 10 ya gangara har saura kilomita 15 ya juyo. Wa'adin 2028 kada a sake ɗaga shi ga tafiyar da ta wuce falakin duniya. Yankin kariya a sa masa iyaka da ranar ƙarewa, a kuma yi shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya inda Sin da Rasha ke zaune, tunda su ba su shiga Artemis ba. Kuɗin ceto kuma ya shiga cikin kuɗin tikiti.

Kwana biyu kafin Apollo 11 ya sauka, William Safire, mai rubuta wa shugaba Nixon jawabi, ya miƙa wata gajeriyar takarda a fadar White House. Jawabin da shugaban zai karanta ne idan Armstrong da Aldrin suka kasa tasowa. An tsara har abin da zai biyo baya: shugaban zai fara buga wa matansu waya, in an katse sadarwa kuma limamin coci ya yi musu addu'a irin ta wanda aka binne a teku. Ba tsoron banza ba ne, injin tasowa guda ne tak. Da suka dawo cikin kumbo bayan tattaki, sai Aldrin ya ga kan maɓallin da ke ba injin wuta ya karye yana yashe a ƙasa. Da bakin alƙalami ya danna shi. Takardar Safire ta koma aljihun tebur, sai bayan shekara talatin jama'a suka san da ita. Ranar da kamfani zai sauke fasinjansa na farko, a tsarin da ake kai yanzu, takardar da za a tarar a fayil ita ce wadda fasinjan ya sa wa hannu kafin tashi, cewa ya ji ya gani.